Sifilin Mai Tsaron Gida

A shekarar 1951 wani kamfani mai suna Parkhurst, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, ya buga ƴan ƙananan katuna guda 105, ya riƙa cusa su cikin ƙunshin cingam yana sayar wa yara. Kowane kati bai cika tafin hannu ba. A gabansa akwai hoton ɗan wasan hoki na kan ƙanƙara, da sunansa, da garin da aka haife shi, da ƴan alƙaluma daga ƙasa. Bayansa fari ne fat, ba a rubuta komai ba. Cikin waɗannan katuna akwai na wani saurayi ɗan shekara ashirin da ɗaya mai suna Terry Sawchuk, mai tsaron gidan ƙungiyar Detroit Red Wings. Fuskarsa a buɗe take a hoton, domin a wancan zamani haka masu tsaron gida ke shiga fili.

Yawancinmu a Yamai ba mu san wannan wasa ba sai ɗan abin da muka tsinta a tele. Ana yin sa ne a kan daskararren ruwa, da takalma masu ƙarfe a ƙasa, kowane ɗan wasa da sandarsa mai lanƙwasa. Maimakon balo, wani ɗan faifan roba baƙi ake bugawa, mai tauri, nauyinsa wajen giram 170, har cikin sanyi ake ajiye shi kafin wasa don kada ya yi ta tsalle. In gwanin yau ya sheme shi, gudunsa yakan haura kilomita 150 a awa. Wannan abu ne aka ce mutum ya tsaya gabansa ya tare.

Sawchuk ɗan Winnipeg ne, asalin gidansu daga Yukiren. Kayan tsaron gidan da ya fara sakawa na wansa ne, wanda ya rasu yana matashi. Yana da wata irin tsayuwa tasa: sai ya duƙa ƙasa-ƙasa, ya sunkuyar da kai don ya hango faifan ta tsakanin ƙafafun mutane. Dabarar ta yi masa aiki, amma ta ajiye fuskarsa daidai hanyar da faifan ke bi. A wasannin neman kofi na 1952 ƙungiyarsa ta yi wasa takwas ta cinye duka takwas ɗin, sau biyar kacal aka ci shi, kuma a wasa huɗu ba a ci shi ko sau ɗaya ba. Kafin ya yarda ya rufe fuska a 1962, an yi masa ɗinki kusan ɗari huɗu a fuskar nan. A 1966 mujallar Life ta sa mai kwalliya ya sake zana masa tabban duka a lokaci guda, aka ɗauki hoto, don mutane su ga abin da sana'ar ke yi wa mai ita. Wanda ya fara karya al'adar barin fuska a buɗe shi ne Jacques Plante na ƙungiyar Montreal, ranar 1 ga Nuwamba 1959 a birnin New York. Faifai ya fasa masa fuska, aka ɗinke shi, ya ce wa mai horar da su ba zai koma fili ba sai da abin rufe fuskar da yake sakawa wurin atisaye. Wasu suka kira shi matsoraci. Yau babu mai tsaron gidan da zai shiga ba tare da shi ba.

Katin nan na 1951 yanzu dukiya ne. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, su duba tsohon kati da madubin ƙara girma, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin roba. Kusurwa ta ɗan lanƙwashe, maki ya sauka. Yatsa ya bar masa alama, ya ƙara sauka. A 2021 an sayar da katin wani ɗan wasan hoki, Wayne Gretzky, bugun 1979, mai maki goma cif, a kan dala miliyan 3.75 ta Amurka. Wannan ne wurin da nakan tsaya in yi shiru. Darajar katin tana ga cewa ba abin da ya taɓa shi. Darajar mutumin da ke jikin katin Sawchuk kuwa tana ga cewa komai a kansa ya sauka. Takardar da ta fi tsada ita ce wadda yaron da ya saye ta bai yi wasa da ita ba, bai nuna wa aboki ba, bai kwana da ita a aljihu ba, wato wadda ba a so ta irin son da aka buga ta dominsa ba.

Amma ba kasuwar katuna ce ta dame ni ba. Abin da ya dame ni yana nan kusa, a bakinmu.

Ku saurari yadda ake ba da labarin wasan ƙwallo a kowace fada, a Yantala ko Bukoki ko Talaje, bayan an tashi daga kallo, shayi na biyu yana kan wuta. Wa ya ci? A minti na nawa ya ci? Da ka ko da ƙafa? Kalmar ci ita ke mulkin zancen, kuma ba a fili kaɗai ba. Muna cin kasuwa, muna cin zaɓe, muna cin jarrabawa, sarki yana cin sarauta, mayaƙi yana cin gari. Wanda ya ci ya samu, ya ƙaru, sunansa ya shiga baki. Cikin mutum goma sha ɗaya da ke fili, mai tsaron gida ne kaɗai wanda kalmar ke faɗowa a kansa da sunansa: an ci shi. Ko da ɗan baya ne ya yi sakaci, ko da na tsakiya ne ya zubar da balo, shi za a gani yana sunkuyawa cikin raga yana ɗaukowa.

In ya yi abin kirki fa, da me muke faɗa? Ya kama. Ya ture. Ya doke. Ya hana. Duk kalmomi ne masu tsayar da labari a inda ya so ya yi daɗi. Ranar da ya yi aikinsa ba tangarɗa, tun daga busar farko har ta ƙarshe, in abokansa na gaba ba su yi nasu ba, sai mu ce an tashi babu ci, mu kaɗe riga, wani ma ya ce wasan bai yi armashi ba. Mafi kyawun aikin mutum, mun raɗa masa suna da babu. Halinsa ɗaya da na maigadi: daren da ɓarawo bai shiga ba, ba wanda zai tashi da safe ya tambaye shi yadda aka yi, amma daren da aka haura katanga, unguwa duka za ta san sunansa.

Ranar 10 ga Oktoba 2010 Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu, ta karɓi Masar a filin Janar Seyni Kountché. Masar ɗin nan ita ce ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010. Aka tashi ɗaya da nema, Nijar ta yi nasara. Tambayi duk wanda ya yi wayo a lokacin, zai gaya maka Moussa Maazou ne ya ci, kuma ya cancanci a tuna da shi. Sai dai wannan sakamako lamba biyu gare shi. Ɗayar ta Maazou ce. Sifilin da ke gefenta, wanda in babu shi ɗayar ba ta zama nasara ba, mai tsaron gida da ƴan bayansa ne suka gina shi minti bayan minti, cikin zafin Oktoba, gaban zakarun nahiya. A waccan tafiya Mena ta cinye wasanninta uku na gida, da Masar da Saliyo da Afirka ta Kudu, ta samu gurbin zuwa gasar kofin Afirka karo na farko a tarihinta, har aka zaɓi mai horar da ita, Harouna Doula, gwarzon masu horarwa na Afirka a 2011.

Mai tsaron gidan Mena na wancan zamani shi ne Kassaly Daouda, haifaffen Doso a 1983. Ya tsare ragar Sahel a nan Yamai, sannan ya tafi Garwa a arewacin Kamaru, ƙungiyar Coton Sport, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 2008 ta sha kashi a hannun Al Ahly ta Alƙahira. Ya taɓa Rumaniya, ya taɓa Afirka ta Kudu, daga baya ya dawo gida ya tsaya wa Nigelec. Ya yi sama da shekara goma sha biyar yana saka rigar ƙasa. A gasar 2012 ta Gabon da Ikwatoriyal Gini an cinye Mena a wasa uku duka, abin da aka dawo da shi kawai shi ne ƙwallon da William N'Gounou ya ci Tunisiya. Sai aka sake komawa a 2013, bayan an fitar da Gini, wannan karo a Afirka ta Kudu, Gernot Rohr yana jan ragama.

Kwana huɗu na waccan gasa sun ishi mai son fahimtar sana'ar nan. Ranar 20 ga Janairu, a birnin Port Elizabeth, Mena ta riƙe Mali har wasa ya kusa tashi. Saura ƴan mintoci aka ɗago balo gaban gida, Kassaly ya fito bai riƙe ta ba, Seydou Keita ya tura ta raga. Minti tamanin da wani abu na tsayuwar daka suka narke cikin daƙiƙa biyu, kuma daƙiƙa biyun nan su aka yi ta maimaitawa a tele. Ranar 24 ga wata, a filin dai, aka haɗu da Kwango ta Kinshasa, masu Dieumerci Mbokani a gaba. Suka yi ta kawo hari, shi kuma ya yi ta tarewa, har alƙali ya busa babu ci. Wannan ne maki na farko da Nijar ta taɓa samu a gasar kofin Afirka, kuma hannun da ya kuɓuce ranar Lahadi shi ya kawo shi ranar Alhamis.

Ina yawan tunanin kwana ukun da ke tsakani. Mai cin ƙwallo in ya ɓarar da dama, yana da wata a gaba da zai wanke kansa, in ya ci an manta da goman da ya zubar. Mai tsaron gida ba shi da wannan hanya. Ba abin da zai yi da zai goge ƙwallon da ta riga ta shiga. Abin da ya rage masa shi ne ya sake saka safar hannu, ya koma tsakanin ƙarafan nan biyu, ya san in aka sake ɗago balo irin waccan dole ya sake fita, domin wanda ya ji tsoron fita ya gama aiki. Ban san wata jarumtaka a wasa da ta fi wannan tsada ba, kuma ita ce wadda babu layin da za a rubuta ta a takardar sakamako. Takarda ta ce Mali ɗaya, Nijar sifili. Ta ce Nijar sifili, Kwango sifili. Shi ke nan abin da ta sani.

Kada a ce harshenmu ne ya gaza. Hausa cike take da kalmomin girmama wanda ya tsaya bai gusa ba. Muna da garkuwa, har sarauta ce ake naɗa wa mutum rawani a kanta. Muna da ganuwa. Muna da gagara, wadda makaɗa suka gina kirari mai yawa a kanta, domin sun san akwai gwanintar da ba ta kai hari, abin da take yi kawai shi ne ta ƙi faɗuwa. Je ka filin kokawa lokacin gasar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, ka ji yadda ake wasa ɗan kokawar da aka kasa kai bayansa ƙasa. Tun daga Kantu na Maraɗi har zuwa Issaka Issaka na Doso, mutanen ƙasar nan sun san darajar ƙafar da ta kafu, kuma tsoho a ƙauye zai lissafa maka wa ya gagari wa, a wane gari, ba tare da ya taɓa riƙe takarda ba. Kalmomin suna nan. Ƙwallo ce ta zo mana da nata ma'auni, muka karɓa yadda ta zo, muka bar mai tsaron gida da ragowar zance.

Su kansu masu wasan ba su cika yi masa adalci ba a ko'ina. Tun da aka fara ba da kyautar Ballon d'Or a 1956, mai tsaron gida ɗaya ne ya taɓa samun ta, Lev Yashin na Tarayyar Sobiyet, a 1963. Afirka ta ɗan fi kyautatawa: Thomas N'Kono na Kamaru ya zama gwarzon nahiya a 1979 da 1982, Badou Zaki na Maroko a 1986.

Abin da mutanen hoki suka yi, wanda nake ganin ya isa a yi koyi da shi, shi ne sun mai da sifili abin ƙirgawa. Duk wasan da mai tsaron gida ya gama ba a ci shi ba, sai a rubuta masa ɗaya a gaban sunansa. Ta haka babu ta koma akwai. Sawchuk ya tara irin wannan guda 103, kuma lambar ta tsaya ba wanda ya wuce ta har Disambar 2009, lokacin da Martin Brodeur ya haura. Shekara talatin da tara bayan rasuwar Sawchuk, jaridu suka sake buga sunansa, yara suka tambayi kakanninsu wane ne shi. Suna kuma da kofi na musamman na masu tsaron gida tun 1927, mai sunan Georges Vézina, wanda ya tsare gidan Montreal daga 1910 har ya faɗi a fili a 1925, tarin fuka ya yi ajalinsa a shekarar da ta biyo baya. Shi ma yana da kati, wanda aka riƙa sakawa cikin kwalin taba sigari tun 1911.

Lamba ba ta faɗin komai da komai, wannan gaskiya ne. Lambar 103 ba ta gaya maka bayan Sawchuk ya lanƙwashe saboda tsayuwar nan tasa ba. Ba ta gaya maka baƙin cikin da ya yi fama da shi, da shan da ya lalata masa gida ba. Ya rasu a ƙarshen Mayun 1970 yana da shekara arba'in, sanadin raunin da ya samu a wani rikici da abokin wasansa. Kati bai ɗauki wannan ba, kuma ba aikinsa ba ne. Aikin kati shi ne shaida. Mu a nan mun san haka sarai, domin katunan da ke aljihunmu duk na shaida ne: katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, katin asibiti. Kowanne yana cewa wane yana nan, an san da shi, an rubuta. Katin ɗan wasa ma abin da yake faɗa ke nan, sai dai shi yaro yake faɗa wa, kuma yaron zai girma da sunan a kansa.

Kamfanin Panini na garin Modena a Italiya yana buga littafin manna hotunan ƴan wasan kofin duniya tun 1970. Nijar ba ta taɓa zuwa kofin duniya ba, saboda haka ba a taɓa ware wa Mena shafi a cikinsa ba. Shiga shagon aski ko na tela a Yamai ka duba bango, fuskokin ƴan Real Madrid da Barcelona za ka fi gani. Yaron da ke tsaron gida tsakanin duwatsu biyu a bayan makaranta ya san sunan golan Madrid, ya san ƙasarsu, wataƙila har albashinsa. A shekarun nan kuma Mena ta sha karɓar baƙinta a Maroko, saboda hukumar ƙwallon Afirka ba ta amince da filinmu ba, ga shi mai tsaron gida yana tsaron gidan da ke ƙasar wasu, yaran garinsu ba sa zuwa su zauna bayan ragarsa su ga yadda yake tsara ƴan baya da tsawa. Da ana ganin mutum da ido a riƙe shi a ka. In ganin ya yi wuya, kuma rubutun babu, me zai saura?

Ba kwaɗayin katin miliyoyi nake yi mana ba. Kati mai arha nake so, na dala biyar ko goma a kuɗinmu, wanda zai tsufa a aljihun ɗan makaranta, kusurwarsa ta lanƙwashe don yawan dubawa. A buga shi da Hausa da Zabarmanci, da hoton mai tsaron gida, da garinsu, da ƙungiyoyin da ya tsaya wa, da yawan wasannin da aka tashi ba a ci shi ba. Kafin a kai ga kati kuwa sai an yi ƙirgar, kuma wannan aikin hukumar FENIFOOT ne da ƴan jaridar wasanni: takardun alƙalan wasa, tsofaffin bugun jaridar Le Sahel, kaset-kaset na gidan rediyo da talabijin na ƙasa.

Sauran aikin namu ne, masu alƙalami. Tsofaffin masu tsaron gidan Sahel da Olympic da Zumunta da ƙungiyar soja, da na Damagaram da Maraɗi da Tawa, da yawansu suna raye, suna zaune a ƙofar gida da yamma, yatsunsu a karkace saboda balon da suka tare. Wanda ke da irin wannan dattijo a unguwarsu, ya ɗauki waya mai naɗar magana ya je ya gaishe shi, ya ce Baba, ba ni labarin wasan da aka kasa cin ka. A rubuta abin da ya faɗa da sunansa da shekarar.